Tsakanin Duwatsu Biyu: Mahajjatan Ƙafa da Kasuwar Umdurman

A wannan zamani maniyyaci yakan hau jirgin sama a Yamai ko a Kano da hantsi, kafin magariba ya sauka Jidda ko Madina. Ƙasar da ke shimfiɗe tsakanin garuruwan nan kuwa, kakanninmu da tafin ƙafa suka auna ta. Daga Kano zuwa Khartum, in an miƙe sak kamar tashin tsuntsu, kimanin kilomita 2,600 ne, alhali hanyar ƙafa ba ta miƙewa sak, sai ta bi rijiya da kasuwa da garin da ke da aminci. Daga Khartum zuwa gaɓar Bahar Maliya kuma akwai sauran fiye da kilomita 600. A cikin doguwar tafiyar nan manyan duwatsu sukan tare matafiyi a wuri biyu: Dutsen Marra a ƙasar Darfur, da jerin duwatsun da suka tokare gaɓar teku a ƙasar Beja. A tsakaninsu, bakin kogin Nilu, Kasuwar Umdurman take.

Mutanen Sudan suna kiran waɗannan matafiya Takarir ko Fallata, ba su cika bambanta Bahaushe da Bafillace da Babarbare ba. Labarinsu ya cancanci a karanta shi a tsakar gida yara suna ji, domin akwai tambaya a cikinsa wadda amsarta ta shafe mu a yau. Ta yaya mutum ɗauke da abin da bai fi ƙarfin wuyansa ba ya ƙetare faɗin nahiya guda, har ya isa da ransa?

Abin da ya ɗora su bisa hanya

Alƙur'ani mai girma, a Suratu Ali Imrana aya ta 97, ya rataya wajibcin hajji ga samun iko, a Suratul Hajji aya ta 27 kuma ya ambaci masu zuwa da ƙafa kafin ya ambaci masu zuwa bisa raƙuma. Malamai sun saɓa a kan ma'anar ikon nan. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya sun fassara shi da mallakar guzuri da abin hawa ga wanda yake nesa da Makka. Malikiyya kuwa, waɗanda ƙasashenmu ke bin mazhabarsu, sun tafi a kan cewa iko shi ne yiwuwar isa ba tare da matsananciyar wahala ba, tare da amincin rai da na dukiya. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, an bayyana cewa wanda yake iya tafiya da ƙafa, kuma yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, ana lissafa shi cikin masu iko ko da ba shi da guzuri ko dabba.

Wannan fahimta ce ta ba tafiyar siffarta. Wanzami ya tashi da zabirarsa, baduku da basillarsa, maɗinki da allura da zare, almajiri da allo da tawada, wanda ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan kuwa ya tashi da fartanya da ƙarfin damtsensa. Sana'a guzuri ce wadda ba ta ƙara wa kaya nauyi, kuma ba ta ƙarewa da ci. Da mutum zai yi kilomita 25 kullum ba tare da hutu ba, wata huɗu sun ishe shi ya ga Nilu. Amma da yawa shekaru suka shafe, domin sukan yi tafiya da rani, damina ta tsayar da su su yi noma ko ƙodago, da kaka su sayar da abin da suka samu su sake ɗaura kaya. Saboda haka ne maniyyaci kafin ya fita yakan biya bashinsa, ya nemi gafarar maƙwabta, ya bar wasiyya, dangi su raka shi bayan gari da kuka, don ba wanda ya tabbata za a sake ganawa.

Kayan matafiyi da tsarin ayari

Wanda zai ɗauki kayansa da kansa ba ya buƙatar a yi masa wa'azi a kan barin abin da ba dole ba, gammo ma ya ishe shi malami. Abin da aka saba ɗauka sananne ne: salka ko gora domin ruwa, buta, buzu ko ƴar tabarma, sanda, bargo ko gwado, ƙyastu domin kunna wuta, ƴar tukunya, wuƙa, da gafaka mai ɗauke da Alƙur'ani. Abinci kuwa sai wanda ba ya lalacewa: garin gero, ƙuliƙuli, kilishi, busasshiyar kuka, gishiri, kanwa. Mai ɗan hali ya sayi jaki ya ɗora masa mangala, tsoho ko yaro ya riƙa hawa in ƙafa ta kumbura. Mata da yawa sun yi tafiyar nan da goyo a baya da kaya a ka, an kuma haifi yara masu yawa a zango.

Ba a fita tafiyar nan a kaɗaice. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi a kan tafiyar mutum shi kaɗai da dare, ya kuma umurci mutum uku in sun fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Hausawa dama suna da tsarin fatake da suka gada daga fataucin goro na Gwanja: madugu shi ke da ayari, jagaba ya san hanya ya wuce gaba, malamin ayari ya ja salla ya riƙe lissafin kwanaki. A tashi tun da asuba, a yada zango kafin rana ta take, a aika samari neman itace da ruwa. Sauƙin da shari'a ta yi wa matafiyi, watau ƙasaru da haɗa salloli da taimama, a nan ya zama abin aiki na yau da kullum, domin ruwan da ke cikin salka rai ne.

Daga Katsina, Kano, Maraɗi ko Damagaram, hanyoyi sukan haɗu a ƙasar Barno, su kewaye tafkin Chadi ta kudu, su ƙetare kogi a Kusuri zuwa Fort-Lamy, wadda aka sauya wa suna zuwa Njamena a 1973. Ƙasar wannan yanki baƙar laka ce, da damina ko jaki ba ya ratsa ta, shi ya sa lissafin lokaci ya zama wajibi. Daga nan sai Ati, sai Abeshe babban birnin Wadai, sai Adre, sai Janaina a ƙasar Masalit, wadda ita ce ƙofar Darfur. Hanyar takan buɗe ta kuma rufe gwargwadon zaman lafiyar ƙasashen. Yaƙe-yaƙen Rabeh a Barno daga 1893 zuwa 1900, da shigar Faransawa Abeshe a 1909, da yaƙinsu da Masalit a 1910, duk sun tsayar da ayarori. Ban da yaƙi akwai ƴan fashi, akwai kuma masu satar mutane su sayar.

Dutsen Marra

Wanda ya girma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Hausa, in ya bar Janaina ya fuskanci gabas, zai hangi abin da bai saba gani ba. Dutsen Marra tsohon dutse ne mai aman wuta, ƙololuwarsa ta kai mita 3,042 daga doron teku, watau ya ɗara Bagzam na ƙasar Abzin da kimanin mita 1,000. A samansa akwai wani ƙaton kwari mai suna Dariba, faɗinsa wajen kilomita 5, da tafkuna biyu a ciki. Dutsen shi ne marabar ruwa: abin da ya gangara yamma ta kwarin Azum yana nufar ƙasar Chadi, abin da ya gangara kudu maso gabas yana nufar ɓangaren Nilu. Ƙabilar Fur, waɗanda Darfur ta samo sunanta daga gare su, sun sassaƙa gangarensa hawa-hawa sun tokare da jeren duwatsu, suna noma alkama da albasa da tafarnuwa da lemo a wurin da ruwa ba ya ƙafewa. Kaburburan sarakunansu na gidan Kaira suna Turra, a cikin dutsen. Muhammadu ɗan Umaru Attunisi, wanda ya iso Darfur a 1803 ya zauna shekaru, ya hau dutsen ya kuma bayyana shi a littafinsa Tashhizul Azhan.

Mahajjata ba su da buƙatar hawa ƙololuwa, abin da ke gabansu shi ne su wuce. Wasu sukan bi ta arewa, ta Kabkabiya da mashigin Kawra su gangara Alfashir, wasu ta kudu, ta Zalinje da Kas zuwa Nyala. Kowace aka bi, kwanaki ne na hawa da gangara a kan tsakuwa mai cin takalmi. Tafiyar dutse tana da nata hukunci dabam da na fili. Nisan da ido ya ce kusa ne ƙafa takan wuni ba ta cim masa ba. Gangara ta fi hawa cin gwiwa, musamman ga mai kaya a ka. Da sanyin hunturu, dare a kan tudu yakan kai mutum ga karkarwa, wanda ya sayar da bargonsa a Abeshe don rage nauyi a nan yake nadama. Kuma ba a kwana a cikin busasshen rafi komai laushin yashinsa, domin ruwan da aka yi can bisa dutse yakan iso da dare ba tare da an ga hadari ba.

Sai dai dutsen nan, duk da wahalarsa, wurin samun sauƙi ne. Akwai ruwa, akwai kasuwannin ƙauye, akwai gonakin da ke neman hannu. Sarakunan Darfur sun ɗauki hidimar hanyar hajji a matsayin darajar mulkinsu. Sarki Ali Dinar, wanda ya yi mulki daga 1898 har Ingilishi suka kashe shi a 1916, ya riƙa aika ayari da kyaututtuka zuwa Makka da Madina. A garuruwa da ƙauyuka kuma akwai halwa, watau makarantar allo wadda ita ce kuma masaukin baƙi. Baƙon da ya iso da magariba ya yi sallama, za a ba shi wurin shimfiɗa buzunsa, a kawo masa akushi daga gidajen unguwa, ba a tambaye shi ko ɗan wane ne ba.

Rairayin Kurdufan

Bayan Alfashir sai duwatsu su ƙare, a shiga jigawa mai nutsar da ƙafa, wadda ta miƙe har Annuhud da Al-Ubayyid. Matsalar wannan yanki ƙishirwa ce, domin rijiyoyi sun yi nisa da juna. Mutanen ƙasar sun yi wa abin dabara: sukan rarake cikin itacen kuka, wanda suke kira tabaldi, su cika shi da ruwan sama lokacin damina, ya zama randa mai rai da za a sha har rani. Kowace kuka tana da mai ita, ana gadonta kamar gona. Sukan kuma shuka kankana mai yawa, mutum da dabba su sha ruwanta. Matafiyi ba shi da kuka ba shi da gona, saboda haka duk ruwan da ya sha a nan na wani ne, ko ya saya, ko ya biya da aikin hannunsa, ko a ba shi don Allah.

Kurdufan ƙasar ƙaro ce, Al-Ubayyid kuwa babbar kasuwarsa, mahajjata da yawa sun tara kuɗin gaba da aikin ɗibarsa. A 1912 layin dogo ya iso Al-Ubayyid, a 1959 ya kai Nyala. Daga lokacin mai kuɗin tikiti ya huta da sauran tafiyar, marar shi kuwa ya ci gaba da taka sayyadarsa, yana jin kukan jirgi yana wuce shi.

Kasuwar Umdurman

Umdurman tana yammacin Nilu, daura da inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu, saboda haka mai zuwa da ƙafa daga yamma ita yake fara riska kafin Khartum. Kafin 1885 ƙaramin wuri ce. A watan Janairu na shekarar Muhammadu Ahmad Almahadi ya ci Khartum, ya zauna Umdurman, ya rasu a watan Yuni. Halifansa Abdullahi, wanda shi kansa mutumin Darfur ne, ya mai da ita babban birni, jama'a suka taru daga kowace kusurwa, kasuwa ta kafu ta bunƙasa. Mulkin ya ƙare a yaƙin Karari ranar 2 ga Satumba 1898, amma kasuwar ta ci gaba da ci, ta zama mashahuriyar kasuwar ƙasar Sudan, da layin maƙeran zinariya da azurfa, da na dukawa, da na masu turare da kayan yaji, da na masu yadi.

Bahaushen da ya shiga cikinta bayan watanni a daji sai ya tarar da kayan gida da baƙin sunaye. Tsamiya ta zama aradeb, goriba ta zama dom, aduwa ta zama lalob, ƴaƴan kuka gongoles, garin busasshiyar kuɓewa weka, gero duhun, soɓo karkade. A nan yake gyara abin da hanya ta ɓata: ya sake takalmi, ya ɗinke salka, ya sayar da jakin da ya rame, ya canja kuɗin da ya zo da su. A nan kuma yake jin labari, domin duk wanda ya dawo daga Hijaz ya biyo ta nan yana da abin faɗa: nawa ne kuɗin jirgin ruwa bana, wace takarda ake tambaya a bakin teku, wane ne ya rasu a Mina, wane ne ke cigiyar ɗan'uwansa. Saƙon baki da wasiƙar ajami sukan juya daga nan zuwa Kano da Damagaram a hannun masu komowa.

Uwa uba, a nan yake baje sana'arsa. Akwai masu aski da yankan farce, masu ɗinkin hula, masu ɗaukar kaya, masu sayar da ruwa, masu koyar da yara karatu, mata kuma suna soya gyaɗa suna dama fura. Har yau mutanen Sudan suna cin wani gasasshen nama mai yaji da garin ƙuli wanda suke kira agashe, sunan kansa ya faɗi gidan da ya fito. Sabon zuwa yakan nemi mai masauki daga cikin ƴan ƙasarsa, a ba shi ɗaki, a nuna masa inda ake ɗaukar ma'aikata, a tsaya masa in ya yi rashin lafiya. Maƙwabtansu ƴan ƙasa kuma suna da al'adar ajiye randunan ruwa a bakin hanya domin mai wucewa, abin da suke kira sabil, da ta fito da abincin buɗa baki kan titi a watan azumi, har a tare matafiyi a hana shi wucewa sai ya sha ruwa.

Duwatsun Bahar Maliya

Saura dutse na biyu. Kafin zuwan jirgin ƙasa, ayari yakan bi Nilu arewa zuwa Barbar, daga nan ya yanki hamada da duwatsu zuwa Sawakin, tafiyar kimanin kilomita 400 wadda ta dogara ga ƴan rijiyoyi irin su Obak da Ariyab da Kokreb. Waɗannan duwatsu ba su da albarkar Marra. Baƙaƙe ne, tsirara, zafinsu kamar maƙera, mazaunansu Beja makiyaya ne masu harshensu na kansu, su ne masu raƙuma kuma su ne masana rijiyoyi, ba mai ratsawa sai da jagorancinsu. A zamanin Mahadiyya yaƙin Usman Digna da sojojin da ke riƙe da Sawakin ya toshe wannan hanya shekaru. An buɗe layin dogo daga Atbara zuwa teku a 1906, ya ratsa duwatsun ta Sinkat, a 1909 kuma aka buɗe sabuwar tashar Port Sudan.

Sawakin, tsohon gari mai gine-ginen dutsen murjani a kan ɗan tsibiri, ita ta ci gaba da zama tashar mahajjata. A nan hukumar mulkin mallaka take killace su domin binciken lafiya, ta nemi takardar tafiya da shaidar rigakafi da kuɗin jirgi. Waɗanda suka kasa cika sharuɗɗan sukan faɗa hannun masu kwale-kwalen sambuk, a ɗauke su da dare daga wani lungun gaɓa, wasu a sauke su nesa da Jidda inda babu ruwan sha. Tsakanin Sawakin da Jidda bai kai kilomita 350 ba, amma mutane da yawa da suka tsira daga Marra da Kurdufan a nan ajalinsu ya riske su. Allah Ya jiƙansu, Ya ba su ladan niyyarsu.

Waɗanda suka zauna

Ba duk wanda ya iso Nilu ya ƙetare teku ba, ba kuma duk wanda ya sauke farali ya komo gida ba. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar, suka isa bakin Shuɗin Nilu a 1906, suka kafa garin da ake kira Mai Wurno kudu da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, hannun Hausawa ya zama abin nema, haka kuma a gonakin dawa da riɗi na Gadarif. Masanin nan C. Bawa Yamba, wanda ya zauna da Hausawan Jazira, ya nuna a littafinsa na 1995 yadda jikoki da tattaɓa kunnen mahajjata, waɗanda aka haifa a Sudan, suke ɗaukar kansu matafiya da ke kan hanyar Makka har yanzu.

Zaman bai zo musu da sauƙi ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko iyayensa suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897, sharaɗin da ya bar da yawansu a matsayin baƙi a ƙasar haihuwarsu. A 2022 rikici a kan ƙasa da sarauta ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu, aka yi asarar rayuka masu yawa. Hanyar ƙafa ita kanta ta daɗe da ja da baya: a 1948 su Alhaji Mahmud Ɗantata suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da motoci, wadda unguwar Wapa ta Kano ta samo sunanta daga gare ta, daga baya jirgin sama ya karɓe aikin.

Da hanyar ta juya

Ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin watan Ramadan, yaƙi ya tashi tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna fiye da mutum miliyan 10 sun rabu da gidajensu. An wawashe Kasuwar Umdurman, wuta ta ci sassanta, sojoji suka karɓe tsohon garin a farkon 2024, suka karɓe Khartum a watan Maris 2025. A watan Yuni 2023 mutanen Janaina suka fita da ƙafa zuwa Adre, tafiyar kilomita 30 wadda da yawa ba su ƙarasa ta ba. A watan Afrilu 2025 dubban ɗaruruwa suka tsere daga sansanin Zamzam, akasarinsu suka nufi Tawila a gindin Dutsen Marra, a watan Oktoba na shekarar kuma Alfashir ta faɗa hannun RSF bayan kewayewar kusan shekara ɗaya da rabi.

Duba sunayen nan da kyau, ya kai mai karatu. Su ne zangunan kakanninmu, sai dai yanzu masu tafiyar sun juya baya ga alƙibla, suna nufo yamma. Jikokin waɗanda suka buɗe halwa, suka ɗebo ruwa daga cikin kuka, su ne a yau ɗauke da ƙunshi a ka da goyo a baya, ba madugu, ba jagaba. A cikinsu akwai Fur da Masalit da Larabawa, akwai kuma masu jin Hausa kamar yadda muke ji. A Umdurman, lokacin da yaƙi ya tsananta, matasan unguwanni sun farfaɗo da takiyya, watau girkin sadaka na tsofaffin zawiyoyi, suna ciyar da duk wanda ya zo da kwano.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Amsar tambayar da muka fara da ita ke nan. Mahajjacin ƙafa ya isa ne domin kayan da bai ɗauka ba mutanen bakin hanya sun ɗaukar masa: ruwansa yana cikin kukar wani, makwancinsa yana halwar wani, kuɗin jirginsa yana cikin kasuwar wani. Duk gidan da ke alfahari da kakan da ya je Makka da ƙafa, to ya sani akwai bashin alheri a kansa, kuma lokacin biya ya yi.

Hanyoyin biyan suna da yawa. Akwai addu'a a masallatai da gidaje, ana ambaton Sudan da sunanta. Akwai sadaka da zakka ta hannun ƙungiyoyin da aka tabbatar da amanarsu, masu aiki a sansanonin gabashin Chadi da cikin Sudan. Akwai ƴan gudun hijirar Sudan da ke zaune a cikinmu, kamar waɗanda suka shekara da shekaru a wajen Agadas, da ɗalibai da iyalan da yaƙi ya komo da su garuruwan kakanninsu ba su san kowa ba. Wanda yake da dangi can ya neme su, wanda yake da tsoho a gida da ya san labarin hanyar ya zauna da shi ya rubuta sunayen garuruwa da na mutane, domin da irin wannan rubutu ake gano zumuncin da ya ɓace.

Ga samarinmu kuma da ke jin labarin magabata zuciyarsu na raya musu su bi sawu ta ƙasa, su tuna cewa malaman da suka lissafa mai tafiyar ƙafa cikin masu iko su ne suka shardanta amincin rai da dukiya, hanyar da yaƙi ke ci kuwa ba ta cika wannan sharaɗi ba. Shiga Makka ba tare da izinin hajji ba shi ma halaka ce: a hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar fiye da mutum 1,300, kashi 83 cikin ɗari marasa izini ne, waɗanda suka yi doguwar tafiya cikin rana ba su da tanti ba su da mota. Wanda bai samu iko ba babu laifi a kansa, ya riƙe sana'arsa ya yi tanadi, ya bi ta hukumar alhazai ta ƙasarsa in Allah Ya kira shi.

Allah Ya kashe wutar fitina a ƙasar Sudan, Ya mai da kowa gidansa lafiya, Ya raya kasuwanninsu da makarantunsu, Ya saka musu da alheri a kan abin da iyayensu suka yi wa iyayenmu. Amin.